Mma Azara da Miren da Aka Yanke wa Jela

Duk wanda ya taɓa zama a Moshi Zango a Kumasi ya san barandar Mma Azara, ko da bai taɓa sayen komai a wurinta ba. Tana nan a lungun da ke bayan rumfar masu gyaran babur, baranda ce mai rufin kwano da wani ginshiƙi da ya karkace tun ba a haifi rabin mutanen lungun ba. A can baya, da ruwan farko ya sauka a watan Maris, za ka ga Mma Azara zaune a kan 'yar kujera, faifai uku a gabanta, an jera mire ɗauri-ɗauri, kowanne da ƙasarsa a jiki. Sunanta na yanka Azaratu, amma rabon da a kira ta da shi tun ranar ɗaurin aurenta.

Mire dai shi ne abin da mutanen Asante ke kira mmire, mu 'yan Zango muka aro sunan muka sassauta shi yadda harshenmu zai ɗauka. Hausawan arewa suna ce masa naman kaza, masu ƙyamarsa kuwa laimar kwaɗi suke cewa, suna yatsina fuska. A da masu yatsinar su suka fi yawa a Zango. Mutanen da kakanninsu suka zo da fataucin goro ba su ga dalilin da zai sa ɗan Musulmi ya ci abin da ya tsiro a jikin suri ba, ga nama a mahauta. Mma Azara ce ta karya musu wannan taurin kan, gida-gida, da 'yar miya a kwano tana cewa a ɗanɗana kawai. Daga baya sai ga shi hajiyoyin da suka rantse ba za su taɓa ba su ne ke fara isowa barandarta, suna gyara mayafi suna cewa wai maƙwabciya ce ta aiko su.

Ba a Kumasi aka haife ta ba. Mahaifinta ya sauko daga arewa yana ƙwadago a gonar koko, a wani ƙauye can bayan Offinso, kuma 'ya'yansa biyu ne, ita da ƙanwarta Habibatu. Tana da shekara goma sha ɗaya suka je itace su biyu, suka ga wani farin mire a gindin bishiya, fari tas, gwanin sha'awa. Azara ce ta tsinko shi da hannunta ta cika zaninta. Mahaifiyarsu baƙuwa ce a wannan dajin, ba ta san kansa ba, sai dai ta ji mata na cewa in an jefa zoben azurfa a tukunya bai yi baƙi ba, to ba guba. Ta jefa zobenta, ya fito fes. Ranar Azara zazzaɓi ya hana ta cin komai, uwar ta ɗan taɓa kaɗan, Habibatu kuwa mai son miya ce, ta suɗe kwano har da neman ƙari.

Ranar ba abin da ya faru. Sai washegari amai da gudawa suka kwantar da uwa da 'ya. A rana ta uku Habibatu ta miƙe har ta fito tsakar gida tana wasa, aka yi ta hamdala. A ta huɗu idanunta suka yi rawaya. A ta biyar aka binne ta a bakin gona. Uwar ta tashi, amma ba ta sake sa wannan zoben ba har ta koma ga Allah.

Mai gonar wata tsohuwa ce 'yar Asante, Maame Pokuaa. Ta lura yarinyar nan ta daina shiga daji, ko hanyar rafi sai ta kewaye, ta daina dariya. Wata safiya bayan an yi ruwa ta zo ta kama wuyan hannunta ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta ja ta har gindin wani suri. Azara na tirjewa tana kuka. Tsohuwar ta ce mata tsoro kaɗai ba zai tsare kowa ba, gobe wata yarinyar za ta tsinko irin wancan, kuma dole a samu wanda zai ce mata ta ajiye. Ta durƙusar da ita, ta sa ta tona da yatsu a hankali, har wata doguwar jela ta biyo hannunta daga cikin ƙasa, siririya kamar ta ɓera.

Damina bakwai ta yi tana bin tsohuwar nan. Ta koyi cewa ba a yankan mire, tono shi ake yi, don jelar da ta nutsa cikin gidan gara ita ce shaidarsa ta farko. Ta koyi shafa tsinin da ke tsakiyar hularsa, da shinshina shi, da tambayar inda ya fito. Ta koyi kifa shi a hasken rana ta dubi launin ƙasan hular, domin akwai wani mai kama da na suri sak, yana fitowa a filin ciyawa, in ya manyanta ƙasansa sai ya ɗan yi kore-kore, wanda ya ci kuwa zai gane kurensa. Ta koyi cewa dodon koɗi da tsutsa suna cin abin da zai kashe mutum, don haka cinsu ba shaida ba ne. Abu na ƙarshe da tsohuwar ta nanata mata shi ne, ko duk alamu sun cika, in zuciyarta ta yi ɗar, ta bar wa daji kayansa.

Da wannan ilimin ta shigo Kumasi amarya, gidan Baba Seini wanzami. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Kausara. Mata uku ne daga ƙauyukan hanyar Offinso suke kawo mata kaya, kuma sun san sharaɗinta: a kawo shi da jelarsa da ƙasarsa, kada a wanke, kada a gyara. Sannu a hankali sai ta zama alƙaliyar mire a Zango. Wanda ya tsinto a gona, wanda suruki ya aiko masa daga ƙauye, wanda ya saya a bakin titi zuciyarsa ba ta kwanta ba, duk barandarta ake kawowa, kuma ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan dubawa ba. Tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ba ta taɓa cewa a zubar ta yi shiru. Sai ta ɗaga abin ta nuna maka aibinsa da ɗan yatsa, ta sa ka gani da idonka, ta sa ka maimaita. Wasu na ganin tsawon bayanin ya yi yawa, musamman mai sauri da ya bar tukunya a wuta, amma a shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa ɗaukar kowa zuwa asibiti saboda abin da ya bi ta hannunta ba.

To, damina biyu da suka wuce, sai ido ya fara ba ta matsala. Da fari kamar hayaƙin murhu ne bai gama washewa ba. Ta wanke da ruwan sanyi, ta sa kwalli, ta ɗora laifin a kan gawayin zamani. Kafin shekara ta zagayo yanar ido ta rufe na dama, na hagu kuma ya rage sai inuwar mutum da hasken ƙofa. Lungunta ta san shi kamar tafin hannunta, muryoyin mutane ta san su, saboda haka ba wanda ya lura. Ta sa ciwon gwiwa a gaba ta daina zuwa biki da kasuwa.

Mutum ɗaya ne ba ta iya ɓoye wa ba. Baba Seini ya ga ta zuba sukari a miya sau biyu. Washegari da aka kawo kaya, sai ga shi ya jawo bencinsa kusa da faifanta, mutumin da shekara da shekaru ko kallon mire ba ya yi. Ya ɗauki ɗaya ya kifa shi a rana, ya ce wai kallo kawai yake yi, amma wannan ƙasansa fari ne kamar nono. Ya ɗauki na biyu ya faɗi launinsa. Haka suka bi kwandon ɗaya bayan ɗaya, ita da yatsu da hanci, shi da ido. Ba ta ce masa ya gane ba, shi ma bai ce mata ya gane ba. Tun daga ranar, in an kawo mata dubawa sai ta ce a ajiye a dawo an jima, hannunta da aiki.

Sau ɗaya ya yi mata maganar asibiti, ta ce ya bar wannan zancen. Tsoron wuƙa a ido yana ciki, amma babban tsoronta daban ne. Ta san Zango. Ranar da aka ji Mma Azara ba ta gani, za a zo a yi mata sannu da kyakkyawar zuciya, a kawo mata lemo da burodi, amma ba mahaluƙin da zai sake sa miren makauniya a tukunyar 'ya'yansa, kuma ita kanta ba za ta ga laifinsu ba. Barandar nan kuwa ita ce abin da ta gina a kan kabarin Habibatu. In an raba ta da ita, ba ta san me za ta tashi ta yi da safe ba.

Ana cikin haka Kausara ta haihu. Shekararta goma sha ɗaya a gidan mijinta Fadil, mai haɗa tagogin alminiyom a Asokore Mampong, ba ta taɓa ko ɓari ba, sai bana Allah ya kawo ɗa namiji. Da tiyata aka ciro shi, don haka aka ce mai jego ta zauna gidan mijinta kusa da asibiti, uwarta ta zo ta yi mata kwana bakwai. Baba Seini ya raka ta har cikin gida riƙe da jakarta, yana tafe a gabanta yana surutu ba ƙaƙƙautawa don ta bi muryarsa, sannan ya koma Moshi Zango. Ita kuwa ta samu tabarma a baranda kusa da ƙofar ɗakin 'yarta ta kafe a nan, duk wanda ya ce ta taso ta ce gwiwa.

A rana ta huɗu Kausara ta ce ba abin da ranta ke so irin miyar miren Mma, mai ruwa-ruwa da barkono da busasshen kifi. Mma Azara ta ce ta yi haƙuri zuwa Juma'a, ranar matan ƙauye ke kawo kaya, za ta sa babanta ya kawo mata mai kyau. Fadil yana tsaye yana ji. Mutum ne da tun ranar haihuwar bakinsa yake har kunne, da matarsa ta ce tana son wata da sai ya nemi tsani. An yi ruwa da yamma. Da sassafe ya hau babur ya tafi fulotinsa da ke bayan gari don duba bulo, sai ya tarar da ciyawar wurin ta yi fari da mire, manya-manya, sun yi da'ira. Ya ɗauki hoto ya gwada da na waya, ya ga kamarsu ɗaya. Ya cika buhu ya kamo hanya yana jin kansa gwarzo.

Buhun bai faɗa hannun Mma Azara ba, ya faɗa hannun mahaifiyarsa, Hajiya Barkisu. Hajiya mutuniyar kirki ce, tana son surukarta kamar ita ta haife ta, sai dai tana da cutar tsabta. Irin matan nan ne da za su wanke sabulu kafin su yi wanka da shi. Ta leƙa buhu ta ga ƙasa da ciyawa, ta yi salati, ta ce wannan ƙazantar ba za ta je gaban baƙuwa ba balle cikin mai jego. Ta zauna a bayan gida da wuƙa, ta datse gindin kowanne ta watsar a kwata, ta kankare hulunan, ta wanke sau uku da ruwan gishiri, ta yayyanka tsaf. Ta ɗora tukunya, kifi da barkono suka fara tafasa. Sannan ta ɗauko roba ta kawo baranda, Fadil na biye da ita, ga mata 'yan barka su biyar a zaune.

"Mma Azara, ga aikinki ya biyo ki har gida," in ji Hajiya tana dariya. "Ɗanki ne ya samo wa matarsa. Ki sa mana albarka da idon nan naki, in zuba, miya na jira."

Mma Azara ta sa hannu a robar. Sanyi ta ji, da santsi, da gutsattsari masu kai ɗaya. Ta lalubi jela, babu. Ta lalubi tsinin hula, an kankare. Ta kai hanci, ƙamshin gishiri da sabulun hannun Hajiya ne kawai. Duk ƙofofin da take bi an rufe su, saura ɗaya, ta ido.

"Fadil, a ina ka samo?"

"A fulotina, Mma. Sun yi yawa paa. Ko tsinkewa ban gama ba."

"Akwai suri a wurin?"

"Akwai wani can gefe. Ko dai an rushe shi ne lokacin da aka share filin? Wallahi ban lura ba."

"Da ka ciro, akwai doguwar jela a gindinsa?"

"Ai fizgo su na yi ta yi, Mma, ina sauri."

"Ni na yanke gindin," Hajiya ta karɓe. "Duk taɓo ne. Me za a yi da shi?"

Mma Azara ta ce a rufe robar a ajiye, za ta aika da ita Moshi Zango, ta duba a tsanake gobe. Hajiya ta ce haba, wane irin gobe, ga rana tsaka, ga alƙaliya a zaune, yarinya tun jiya take haɗiyar yawu. Daga cikin ɗaki Kausara ta ɗaga murya tana dariya, ta ce ƙamshin kifin nan zai kashe ta, Mma ta taimaka.

"To a zubar," in ji Mma Azara, a hankali.

Fadil ya sunkuyar da kai. Hajiya Barkisu ta ajiye dariyarta, ta gyara zama.

"A zubar? To ba laifi, ke ce masaniya. Amma nuna mana. Shekara nawa ina zuwa barandarki, ban taɓa ganin kin ce a zubar ba ki nuna dalili ba. Ni dai na duba, fari ne tas, irin wanda nake saya a faifanki ne sak. Yaron nan ya fita tun duku-duku, ni kuma tun safe nake tsugune a kansa. In da aibi, ɗaga ki nuna mana mu ma mu koya. In kuma don ba ta hannunki ya biyo ba ne, to ki faɗa mana."

Maganar ta yi zafi, amma ba da mugunta Hajiya ta faɗe ta ba, ɗanta take karewa a gaban mutane. Ɗaya daga cikin 'yan barka ta ce a raba gardama mana, a jefa zoben azurfa a tukunya, haka kakarta ke yi. Hajiya ta ce yawwa, ga ma nata a hannu. Mma Azara ta ji ƙarar zoben da aka zare aka ajiye a kan faranti.

"Zobe ba ya nuna komai," ta ce. "Na ga wanda zobe ya wanke, ya kashe."

"To ke nuna mana, ai shi muke jira."

Ta ɗauki guntu ɗaya ta ɗaga shi wajen da take jin ɗumin rana, ta kawo shi kusa da fuska kamar yadda ta saba yi shekara da shekaru. Wani farin dishi-dishi kawai take gani. Zuciyarta ta raya mata ta ce ga kore nan, a wuce wurin. Amma mutum bakwai ne masu ido a kewaye da ita, za su karɓa su duba, in ba su ga kore ba magana ta ƙare, Hajiya za ta juye robar a tukunya da zobenta. Ta kuma raya mata ta ce a dafa ta fara ci, a jira a gani. Wannan ma ta san ƙarya ce, don wani sai ya kwana a ciki kafin ya nuna kansa. Wataƙila ma mai kyau ne, na suri ne da aka rushe. Wataƙila. Ita kuwa 'yarta tana kwance a bayan wannan bangon da ɗinki a ciki, da jariri a nono.

Ta mayar da guntun cikin roba, ta goge hannu a zaninta.

"Hajiya, ba zan iya nuna miki ba. Ba na gani."

"Ai sai a matso miki da shi haske. Fadil, ɗauko..."

"Ba haske ba ne. Idon ne babu. Yana ce ta rufe shi, damina biyu ke nan. Ke kanki da kike gabana inuwarki kawai nake gani, da muryarki nake gane ki. Kayan da nake sayarwa da hannu nake tantance su, maigidana yana duba mini launi. Wannan kuwa an yanke abin da hannuna zai karanta. Ko da ina da idona, yadda aka gyara shi ɗin nan sai na yi shakka, balle yanzu. Ban ce guba ne ba, ban ce mai kyau ne ba. Ban sani ba. Abin da ban sani ba kuwa ba zai shiga bakin Kausara ba, ko da za a ce Zango duka ta ji yau."

Ta san kuwa Zango ta ji. Mata biyar 'yan barka, kowacce da waya a jaka, ai kafin la'asar labari ya kai har unguwar Krofrom.

Hajiya Barkisu ta ce, "Innalillahi. Kwana biyar kina zaune a gidana, ina ajiye miki abinci a nesa ina cewa ki miƙo hannu." Ta tashi ta ɗauki robar da kanta, ta ce wa Fadil ya kawo fartanya. A bayan gida suka haƙa rami suka binne, don kada awakin maƙwabta su samu. Fadil ya dawo ya durƙusa a gaban tabarma yana ba da haƙuri, ta lalubi kansa ta dafa, ta ce Allah ya yi masa albarka, son matarsa ne ya kai shi, amma ko a mafarki kada ya sake tsinko abin da bai sani ba saboda hoton waya. Har yau ba wanda ya san ko mene ne a cikin robar nan, don kafin mako ya zagayo magina sun share fulotin sun zuba yashi.

Abin da ta ji tsoro kuwa ya faru, ba ragi. Ranar Juma'a matan ƙauye suka kawo kaya Baba Seini ya sallame su, kuma ba ta sake kasa faifai a barandar nan ba. Amma wannan daga baya ne. A ranar, bayan 'yan barka sun watse sumui-sumui kowacce da sannu a bakinta, sai Kausara ta kira daga ɗaki.

"Mma, zo."

Ta tashi ta dafa bango. Yanzu ba sauran dalilin ɓoyewa, don haka ta tafi tana lalube a fili, hannu a gaba, har gwiwarta ta taɓa bakin gado. Kausara ta kamo hannun ta zaunar da ita.

"Damina biyu, Mma? Ina zuwa gida duk Juma'a, ina zama a gabanki?"

"Kina da abin da ke damunki. Ban so in ƙara miki ba."

"Bayan suna za mu je asibitin ido. Ni da Fadil za mu kai ki, kuma ba shawara nake ba ki ba."

"Ina jin tsoro, Kausara."

"Na sani. Ni ma da aka tura ni ɗakin tiyata na ji. Za ki ji tsoronki a can, muna riƙe da ke."

Jaririn ya yi ɗan motsi a cikin zani. Sai Kausara ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana dannewa, tana riƙe cikinta saboda ɗinki.

"Kwana biyar ina jin haushinki, Mma. Duk wanda ya shigo sai ya ce ga wanda yaron ya ɗauko, wannan ya ce babansa, wancan ya ce kakansa. Ke kaɗai in an miƙa miki shi sai ki rungume ki ce Allah ya raya, ki yi shiru. Shekara goma sha ɗaya muna jiransa ni da ke. Na ce a raina ko Mma ba ta yi murna ba ne, ko wani abu ta gani a jikinsa take ɓoye mini. Ashe ba ki gan shi ba."

"Ban gan shi ba," in ji Mma Azara. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. "Na san nauyinsa. Na san ƙamshin kansa. Kullum in kin yi barcin rana sai in so in shafa fuskarsa, sai in ji tsoro kada wani ya shigo ya gane."

Kausara ta ɗauko yaron ta ɗora mata a cinya, ta buɗe zanin. Ta kama yatsun uwarta, waɗannan masu kaushi da suka sha tonon suri, ta ɗora su a kan ɗan goshin.

"To shafa, ba mai shigowa. Ni kuma zan faɗa miki launi. Gashinsa baƙi ne wuluk, a kwance. Nan girarsa ce, ba ta fito sosai ba tukuna. Sauko a hankali, ya buɗe ido, yana kallonki."